Bayan dashen ƙoda maigidana yana zawo da jini, an ce ƙodar ƙaninsa ce ta jawo

Assalamu alaikum Likita. Wata biyar ke nan da aka yi wa maigidana dashen ƙoda a Indiya, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ba shi. Mun dawo lafiya lau, har ya fara leƙa kasuwa. Yau kusan mako uku yana zawo, wani lokaci da jini da majina, ga murɗar ciki, ga zazzaɓi da yamma, duk ya rame. Ya sha Flagyl, Hajiyarsu ta kawo jiƙon basir, babu sauƙi. Likitan ƙoda ya ce yana zargin wata ƙwayar cuta wai ita CMV ce ta kama hanji, a gwada jini a kuma zura kyamara. Tun ranar gida ya rikice. Wasu na cewa ƙodar ce ta zo da cutar, har ƙanin nasa ya daina shigowa. Wasu na cewa a dakatar da magungunan dashen tunda su ke kashe garkuwar jiki. Ni kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Cikin magungunan akwai wani mai tsada, valganciclovir. Na saya na wata ɗaya bayan mun dawo, kuɗi suka ƙare, na ga yana lafiya sai na bari. Ni ce na jawo? Kuma yaranmu uku, in ware masa kwanon abinci?

Uwargida, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Zan fara da maganar da ba ta jiran gobe.

Kada wanda ya taɓa magungunan dashen nan. Ko ƙwaya ɗaya kada a tsallake sai da bakin likitan ƙoda. Har gobe jikin maigida baƙuwa yake ɗaukar ƙodar nan, duk da cewa ta ɗan'uwansa ce ciki ɗaya. Tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, ko makamantansu da aka rubuta masa, su ne suke riƙe garkuwar jiki kada ta far mata. In aka janye su, cikin ɗan lokaci jiki zai iya juya wa ƙodar baya, a koma layin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, bayan duk kuɗin da aka kashe da abin da yaron nan ya sadaukar. Masu ba da shawarar ba su yi ƙarya ba da suka ce magungunan suna rage garkuwa, kuma lallai ragin nan ne ya buɗe wa CMV ƙofa. Shi kansa likita, in cutar ta tabbata, yakan sassauta su, galibi ya rage mycophenolate ko ya ɗage shi na wani lokaci. Amma yana yi yana kallon gwajin ƙoda da na jini kowane 'yan kwanaki. Taron dangi a tsakar gida ba shi da wannan sikelin.

Cikakken sunan ƙwayar CMV shi ne saitomegalobairas, ma'anarsa ƙwayar cutar da ke kumbura ƙwayoyin halittar jiki su yi girma fiye da ƙima. Wata likita a Amurka mai suna Margaret Smith na cikin waɗanda suka fara keɓe ta a 1956, sannan Thomas Weller ya raɗa mata wannan suna a 1960. Dangi ɗaya suke da wadda ke kawo ƙarambau, da wadda ke feso ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, kuma halinsu guda: in sun shiga jiki ba sa fita. A ƙasashenmu kusan duk babban da za ki tare a hanya a gwada jininsa, za a tarar ya taɓa gamuwa da ita, yawanci tun yana goye, ta nonon uwa ko ta yawu da fitsarin yara 'yan'uwansa. Bai ma san an yi ba. Garkuwar jiki ta danne ta, ta lafe kamar garwashi a ƙarƙashin toka, shekara talatin, shekara hamsin. Sai ran da garkuwa ta yi rauni, ta dalilin dashe, ko maganin kansa, ko cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa ba a shan magani, sannan ta ruru. A wajen masu dashen ƙoda, in ta tashi kama wata gaɓa, hanyar abinci ce ta fi kamawa, musamman babban hanji.

Bari in nuna miki abin da ke faruwa a cikin cikin maigida, domin in kin gane shi za ki iya tsayawa ki yi wa dangi bayani. Bangon hanji cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, sirara fiye da gashi, su ke ciyar da lallausar fatar da ta shimfiɗe cikinsa. CMV tana son shiga ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin waɗannan jijiyoyin. Sai su kumbura, jijiyar ta ƙuntace, jini ya kasa kaiwa. Kin san yadda fili yake a noman rani in an datse masa hanyar ruwa: nan da nan wurin ya bushe, gefensa kuwa shar. Haka fatar hanji take mutuwa a wuri-wuri, ta zube, ta bar gyambo. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da aka ci kafin ya fita. In ya kumbura ya kasa, sai zawo. Gyambon yana tsattsafo da jini, hanji yana zubo da majina don kare kansa, shi ne abin da kike gani. In ciwon ya sauko kusa da dubura, mutum yakan ji kamar zai yi bayan gida, ya je ya tsuguna ya yi ta yunƙuri, ba abin da ke fita sai 'yar majina.

Ba a hanji kaɗai take tsayawa ba. Tana iya yin gyambo a bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki, mutum ya ji loma tana wucewa kamar ana yanka shi a bayan ƙashin ƙirji, har ya fara gudun abinci. Tana iya kama tumbi, a ga tashin zuciya da amai da ƙoshi daga loma uku, a yi ta shan maganin olsa a banza. Ki tambayi maigida ko yana jin ɗaya daga cikin waɗannan, don maza da yawa ba sa faɗa sai an tambaya. Abin da muka fi tsoro kuwa shi ne gyambon ya ci ƙasa har ya ɓula hanji, ko ya faɗa kan babbar jijiya jini ya ɓalle. Wannan ne dalilin da ya sa mako ukun nan ya isa haka.

Maganar kyamara. Na san nauyinta ga magidanci, na ga manyan mutane sun ɗauki hularsu sun fice da jin ta inda za a bi. Ki lallashe shi, ki gaya masa dalili. Babu wata alama a cikin abin da kika lissafa da ta keɓanta da CMV. Atini yana yin haka. Tarin fuka na hanji yana yin haka. Akwai wata ƙwayar da ke tasowa a hanji bayan an sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ita ma haka. Shi kansa mycophenolate sananne ne da sa zawo, har yakan yi wa hanji rauni. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa za a gwada bayan gida, a gwada jini, a kuma leƙa. Gwajin jinin da ake nufi shi ne PCR, wanda ke ƙirga yawan ƙwayar a jini. Yana da amfani ƙwarai, amma a ciwon hanji yakan faru jini ya nuna kaɗan ko ma bai nuna komai ba, alhali ƙwayar tana can tana ɓarna a bangon hanji. Akwai kuma wani gwajin mai sauƙin kuɗi da za ki ga an rubuta IgG. Wannan abin da yake faɗa kawai shi ne mutum ya taɓa gamuwa da ƙwayar, kuma kusan kowa ya taɓa. Kada ki kashe kuɗi a kansa yanzu.

Aikin kyamarar yawanci kamar rabin sa'a ne, ana ba da allurar da ke sa mutum gyangyaɗi, ana kuma rufe jiki da mayafi. Likita zai ga gyambon da idonsa, ya gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar gero daga wurin, kuma ba a jin zafin gutsurar. A ɗakin bincike, in aka rina naman aka sa a madubin ƙara girma, ƙwayar halittar da CMV ta shiga takan fito ƙatuwa a tsakiyar 'yan'uwanta, da baƙin ɗigo a tsakiya da farin zobe kewaye. Likitoci suna kiransa idon mujiya, kuma wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Abu ɗaya za ki kula: kafin aikin ana ba da maganin wanke ciki, kuma akwai nau'in da bai dace da mai ƙoda ɗaya ba. Likitan ƙoda ne zai zaɓa, kuma ya fi kyau a yi shirin yana kwance a asibiti ana ƙara masa ruwa. In jikin ya tsananta, likita na iya fara magani tun kafin sakamako ya fito.

Yanzu ga abin da ya hana ki barci. Valganciclovir ɗin da kika daina saya, maganin rigakafin wannan cutar ne. Ana ba masu dashen ƙoda shi na wata 3 ko wata 6, gwargwadon abin da gwajin mai bayarwa da na mai karɓa ya nuna. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsayar da shi da wuri yana iya ba ƙwayar dama ta tashi. Amma ki san wannan ma: akwai waɗanda suke shanye shi tas, ba fashin rana ɗaya, cutar ta zo musu a watannin da suka biyo bayan gamawa. Sananne ne a wajen likitocin dashe. Babu wanda zai iya rantse miki cewa da kin ci gaba da saya da hakan ba ta faru ba. Kuma ba sakaci ne ya sa ki ba. Mace ce aka bari ita kaɗai da lissafin magani mai tsada bayan gida ya riga ya zazzage aljihu a kan tafiya Indiya.

Abin da ba zan yarda ki ci gaba da yi ba shi ne shirun. Ki faɗa wa likita, da ranar da aka sha ƙwayar ƙarshe, da ko an taɓa raba ƙwaya biyu ko tsallake rana don maganin ya daɗe. Wannan labarin yana canja magani. In likita ya ɗauka maigida yana kan valganciclovir cutar ta taso, zai yi zaton ƙwayar ta fi ƙarfin maganin, ya fara tunanin wani mai suna foscarnet, wanda ke wahalar da ƙoda sosai. In kuwa ya san an daina sha tun watannin baya, ya san maganin farko zai yi aiki in Allah Ya yarda. Kin ga ashe maganar da kike ɓoyewa ita ce za ta kare ƙodar. Ki shiga wurin likita ke kaɗai in kina jin nauyi. Maigida kuma ki gaya masa da bakinki, a lokacin da ya ɗan sami sauƙi, kafin ya ji a wani wuri.

Maganin yana nan, kuma yawancin masu wannan ciwo suna warkewa in an kama shi kafin hanji ya ɓule. Galibi ana farawa da ganciclovir ta jijiya, a asibiti, saboda hanjin da ke zawo ba a amince masa ya tsotsi ƙwayar magani yadda ya kamata ba. Ana auna shi da nauyin mutum da ƙarfin ƙodarsa. In zawo ya lafa ya fara cin abinci, a mayar da shi kan valganciclovir na sha, wanda ake haɗiya tare da abinci. Ki sa a ranki makonni ne, sau da yawa uku zuwa shida, kuma ba a tsayawa don zawo ya tsaya. Sai alamu sun gushe, jini kuma ya nuna ƙwayar ta kwanta. Kowane mako za a gwada jini, domin maganin yana taɓa ɓargo, ya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, wani lokaci har da ƙarancin jini. In sun sauka, likita ya san abin yi. Rage magani a gida don tattali shi ne hanya mafi sauri ta koya wa ƙwayar jure masa. Don haka tun yau a yi lissafin kuɗin mako shida a gaban 'yan'uwansa maza, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Ki tambayi likita ko mai harhaɗa magani na asibitin game da na kamfanonin da suka fi sauƙin kuɗi, don maganin ba kamfani ɗaya ke yin sa ba, amma a saya a kantin magani mai rajista. Ba sai an koma Indiya ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da likitocin ƙoda da na hanji.

Kafin a kwantar da shi, da kuma bayan an sallamo shi, ruwa ne amanar da ke hannunki. Ƙodar dashe ba ta jure bushewar jiki. Ki samo gora mai awo ki riƙa ganin yawan fitsarinsa a yini, ki rubuta, tare da sau nawa ya zaga. Ki tambayi likita yawan ruwan gishiri da sukari da zai sha, saboda akwai sinadarin da ke cikinsa da ake lura da shi ga mai dashe. Ga wani abu da mutane ba sa zato: zawo yana sa tacrolimus ya taru a jini ya yi yawa, ba ya ragu ba, kuma yawansa yana cutar da ƙoda. In kin ga hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi, ko ciwon kai ya matsa, ki faɗa, a auna maganin a jini. Kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen don ciwon ciki, suna lalata ƙoda suna kuma ƙara zubar jini. Maganin tsayar da zawo irin Imodium ma a bar shi tunda akwai jini da zazzaɓi. Abinci mai laushi, dafaffe da zafinsa, kaɗan-kaɗan: kunu, fate, shinkafa mai ruwa-ruwa. A ɗaga masa ƙafa daga fura da nonon talla, da tsiren bakin hanya, da ɗanyen ganye. Ruwan sha a tafasa.

Jiƙon Hajiya kuwa a ajiye shi. Ƙauna ce ta sa ta kawo, kuma duk wanda ya ga jini a bayan gida a garinmu basir zai fara kira. Amma yawancin jiƙon basir wanke ciki suke yi, ga mutumin da ruwan jikinsa ke ƙarewa, kuma ba wanda ya san yadda saiwoyin za su yi da tacrolimus. Kada ki ja da ita da kanki. Ki roƙi likita ya faɗa mata, ko babban wan maigida. Ta ci gaba da addu'a da tofi, wannan ba ya karo da komai.

In cikin ya ɗaure ya yi tauri kamar katako, ko ciwon ya tsananta farat ɗaya, ko jini ya zubo da yawa ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko fitsari ya ragu sosai, ko amai ya hana magani zama, a tafi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne. In ya ce yana ganin hazo ko wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idonsa, a gaya wa likita a ranar, don ƙwayar takan taɓa ido.

Sai ƙaninsa, wanda maganarsa ta fi tsaya mini a rai. Gaskiya ne ƙodar dashe tana iya zuwa da CMV a cikinta. Amma maigida da ƙaninsa nono ɗaya suka sha, a tsakar gida ɗaya suka yi rarrafe. Abin da ya fi kusa shi ne kowannensu yana ɗauke da ita tun kafin ya yi wayo. Ki buɗe fayil ɗin da kuka dawo da shi, za ki ga gwajin CMV na su biyun da aka yi kafin aiki. Likitocin sun gani, suka yi dashen, domin ba a hana mutum ba da ƙoda saboda wannan ƙwayar. Da ana hanawa, da kusan ba mai bayarwa a nahiyarmu. Yaron nan ya kwanta lafiyarsa ƙalau aka yanka shi don yayansa ya rayu, yau yana zaune a wani ɗaki yana jin ana cewa shi ya kawo cuta. Maigida ne ya kamata ya kira shi da kansa, ko da murya ba ta fita sosai. Shi ma yana da haƙƙin a riƙa duba masa hawan jini da ƙodar da ta rage masa, kada jinyar yayansa ta sa a manta.

Kwanon abinci kada ki ware. Yara masu lafiya galibi ba abin da ƙwayar nan za ta yi musu, kuma mai yiwuwa sun riga sun gamu da ita. Maigida ne ma ya kamata a kare daga abin da yara ke kwasowa: a wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin abinci, kada ya yi wa ƙaramin yaron tsarki, banɗaki a riƙa wanke shi. Abu ɗaya ya shafe ki ke kanki. Valganciclovir yana iya cutar da ɗan tayi, don haka ba a so a sami ciki yana kan maganin, har zuwa kwana 90 bayan ya gama. Ku tattauna hanyar tazara da likita ba tare da jin kunya ba. Ba a fasa ƙwayar maganin, ba a daka ta. In kuwa kina da ciki yanzu, kada ki taɓa wadda ta fashe da hannu, kuma ki sanar da masu awon ciki abin da ake jinya a gida, domin CMV tana iya kaiwa ga jariri a ciki ta taɓa masa ji.

Gobe da safe ki zuba duk magungunansa a leda ɗaya, har da ragowar Flagyl da gorar jiƙon, ki ɗauki fayil ɗin Indiya, ki rubuta ranar da valganciclovir ya ƙare a 'yar takarda. In da hali, ƙanin ne zai tuƙa ku zuwa asibitin. Allah Ya sa a dace, Ya tashi kafaɗunsa.